Yatsuna suna yin fari fat idan na taɓa ruwan sanyi, meye wannan?

Tambayar ta fito ne daga wata 'yar uwa a Jos, shekararta 23. Ta ce duk lokacin hunturu idan ta yi alwalar asuba ko ta sa hannu a firiza za ta ɗauko ƙanƙarar da take sayarwa, sai yatsunta uku ko huɗu su yi fari fat kamar ba jini, su sage har ba ta jin abin da ta riƙe, can sai su yi duhu, daga baya su yi ja suna zugi kamar ana tsira mata allura. Yatsun ƙafa ma haka. Ta sha maganin ƙarin jini ya fi kwalba biyar, an ba ta maganin sanyi a kemis, gwaggonta kuma ta ce iska ce. Tana tambaya ko shanyewar jiki ce ke tafe, kuma ya za ta yi ta rayu da abin.

Toh ƙanwata, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara cire miki abin da ya fi tayar miki da hankali: yadda kika kwatanta ɗin nan ba alamar shanyewar ɓarin jiki ba ce, kuma ba iska ba ce, abu ne da likitoci suka daɗe da sani har suna gare shi. Ana ce masa Raynaud, a baki ana faɗin Reno, sunan wani likita ne ɗan Faransa, Maurice Raynaud, wanda ya yi bayaninsa a rubuce a 1862. Ba zan iya yanke hukunci daga nan ba tunda ban ga hannun ba, amma fari sannan duhu sannan ja, da sanyi a matsayin mai tayar da shi, a mace mai shekarunki, gaskiya kamar kin buɗe littafi kin karanto min ne. Kuma ba ke kaɗai ba ce, lissafin da aka fi kawowa shi ne mutum 3 zuwa 5 cikin kowane 100, mata sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma yawanci yana farawa tsakanin shekara 15 zuwa 30.

Abin da ke faruwa a ciki ba wani mai wuyar ganewa ba ne. Kowa da kowa idan sanyi ya taɓa shi jiki yana tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da ke fata domin ya adana ɗumi a ciki, wajen zuciya da hanta da sauransu, shi ya sa hannun kowa ke yin sanyi da hunturu. Naki jijiyoyin dai zaƙewa suke yi, an ce su rage hanya sai su garƙame ƙofa gaba ɗaya. Jini ya daina shiga, yatsa ya yi fari. Ɗan jinin da ya maƙale a ciki iskar da ke cikinsa ta ƙare, sai ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Da ɗumi ya dawo ƙofa ta buɗe jini ya kwararo da ƙarfi, shi ne jan da zugin nan da kike ji. Kinga kenan jininki bai ƙare ba, hanya ce aka tare, kuma shi ya sa kwalabe biyar na maganin ƙarin jini ba su yi komai ba. Maganar maganin sanyi kuwa ita ta fi ba ni haushi, domin mu Hausawa kalma ɗaya muke sa wa abu goma, sanyin mara sanyi, sanyin ƙashi sanyi, mura sanyi, sai mutum ya je kemis ya ce sanyi ke damuna a ɗebo masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Babu wata ƙwayar cuta a wannan lamarin, ki daina shan su.

Wani abu da littattafan Turawa ba sa faɗa sosai, hotunan da ke ciki yawanci na farar fata ne, a baƙar fata kuwa launin ba ya fitowa ɓaro-ɓaro ta bayan hannu. Ta tafin hannu ake dubawa, da kan yatsa, da ƙarƙashin farce, za ki ga wani layi kamar an ja da biro, sama da shi fari ƙasa da shi lafiya lau. Kuma abin ba ya jiran likita, ranar da kika zo asibiti da rana tsaka hannunki zai kasance garau har ki ji kamar ƙarya kike yi. Don haka duk sanda ya tashi ki ce wani ya ɗauka miki hoto da waya, gaba da baya, hannu biyun a tare. Sannan dan Allah a ɗan ɗaga wa lalle ƙafa kafin ranar ganin likita, ba don yana cutarwa ba, sai don jan lalle a kan yatsa da farce yana rufe duk abin da muke son gani.

Yanzu ga inda nake son ki nutsu, domin nan ne maganar take. Reno iri biyu ne. Akwai mai zaman kansa, wanda ba wata cuta a ƙarƙashinsa, shi ne mafi yawa, yana farawa da ƙuruciya, yana kama hannu biyu daidai wa daida, sau da yawa yana barin babban yatsa, ba ya kawo gyambo, kuma idan kika bincika kina iya tarar da wata a dangi tana da shi, ƙila ma gwaggon taki. Wannan takura ce kawai, yatsa ba ya lalacewa. Na biyun kuma ɗan aike ne, wata cuta ce ta turo shi ya yi sallama kafin ita ta iso, wani lokaci da shekaru. Babbar cikinsu ita ce sikilarodama, cutar da ke sa fata ta yi tauri ta ɗame, kuma kar sunan ya ruɗe ki ba ruwanta da sikila, sama da kashi 90 cikin 100 na masu ita suna da Reno. Sai lufus, wadda kusan ɗaya cikin uku na masu ita suke fama da shi, da wasu cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, da raunin aikin tayirod ɗin nan na maƙogwaro.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa da ita, ta haura arba'in, ta zo min da ɗan gyambo a kan yatsanta na tsakiya bai fi ƙwayar gero biyu ba amma ya hana ta barci wata guda. Na ce ta dunƙule hannu ta kasa, yatsun sun kumbura sun yi sheƙi kamar an shafa musu mai, na kama fatar bayan yatsan in ɗan ɗaga ta ƙi ɗaguwa. Na tambaye ta zobenki fa, ta ce ai tun bara aka yanke shi. Ƙwannafi fa? Ta ce kullum, tuwo ma sai ta kora da ruwa yake wucewa. Shekara shida tana yawo da farin yatsu ana ba ta maganin ƙarin jini, ba wanda ya haɗa yatsun da ƙwannafin wuri ɗaya ya ga abu guda ne. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba, shekarunki da yadda naki yake sun fi kama da na farkon. Amma ki duba kanki da gaskiya: akwai gyambo ko ɗan rami a kan yatsa, yatsu na kumbura da safe, fatar hannu ko ta fuska na ɗamewa, gaɓoɓi na ciwo, gashi na zuba fiye da ƙima, kurji a fuska idan kin shiga rana, gyambon baki mai yawan dawowa, haki idan kin hau bene, bushewar ido da baki? Ko ɗaya daga ciki kika gani ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Haka wanda abin ya fara masa bayan shekara 30 zuwa 40, ko namiji, ko hannu ɗaya kawai yake kamawa, wannan sai an tona.

Tonawar ma ba wata mai yawa ba ce. Ki je sashen likitocin cututtukan ciki na babban asibiti, ke da kike Jos ga asibitin koyarwa nan kusa, in da likitan gaɓoɓi ya fi. Za a auna hawan jini a hannu biyu, a taɓa bugun jijiya a wuyan hannu da ƙafa, a yi gwajin yawan jini, da ESR mai nuna alamar kumburi a cikin jiki, da tayirod, da wani da ake kira ANA mai neman alamar garkuwar jiki na juyowa kan mai ita. Akwai kuma duba gindin farce, a ɗiga ɗan mai a wurin a leƙa da madubin ƙara girma a ga ƙananan jijiyoyin, in sun jeru tsaf kamar haƙoran mataji alama ce mai kyau, in sun kumbura wasu sun ɓace to akwai magana. Gargaɗi ɗaya kan ANA, yana iya fitowa da ɗan alama a jikin mai lafiya ƙalau, kar ki karɓi takarda ki shiga Google ki hana kanki barci, ki kai wa wanda ya rubuta shi. In ba ki san rukunin jininki na sikila ba a haɗa da shi, tunda a wajenmu sanyi da ciwon hannu da ƙafa dole a kawar da wannan, duk da cewa ciwon sikila a ƙashi yake ba canjin launi ba.

To ya ake zama da shi. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a bi yatsu da safa a bar jiki. Jijiyoyin nan umarni suke karɓa daga sama, idan ƙirjinki da wuyanki da kanki suka ji sanyi jiki zai rufe yatsun ko da kin sa safar hannu uku. Na sha ganin mace da safar hannu mai kauri amma atamfa ɗaya ce a jikinta da silifas, tana cewa safar ba ta aiki. Ki fara da ciki, shimi mai dogon hannu, riga, suwaita, hula a ƙarƙashin hijabi, dogon wando a ƙarƙashin zani, safar ƙafa da takalmi rufaffe wanda bai matse ba. Kaya marasa nauyi hawa uku sun fi jibgegiyar riga ɗaya riƙe ɗumi. Ki shiga Katako wajen 'yan gwanjo tun kafin sanyi ya kankama kaya su yi tsada, ki nemi safar hannu irin mai haɗe yatsu huɗu a aljihu ɗaya, ta fi mai rarrabe yatsu ɗumi domin yatsun suna ɗumama junansu. Kuma a ɗaki ake sa ta tun hannu na da ɗumi, safa ba ta ƙirƙirar zafi, wanda ta tarar take tsarewa. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, a Disamba da Janairu da asuba sanyi kan sauko kusa da digiri 10, wannan ya isa ya tayar da shi sarai.

Amma ki lura ba tsananin sanyin ne kawai ba, faɗuwar zafin ce. Mutum na iya fitowa daga rana mai digiri 38 ya shiga banki mai esi yatsunsa su ɗauke nan take, ko ya riƙe ledar fiyawata mai sanyi a watan azumi. Shi ya sa masu shi a Kano da Sakkwato ma suna nan, ba sai Jos ko Landan ba, sai dai ɗalibanmu da ke tafiya karatu Ingila ko Rasha da yawa a can suke fara gane suna da shi. Ki riƙa yawo da ɗan mayafi mai kauri da safa a jaka ko da bazara.

Alwalar asuba kuwa maganinta filas. Ki dafa ruwa da dare ki zuba, da asuba ki sirka a buta ya zama mai ɗumi, ba wanda ya ce sai da ruwan randa alwala take inganta. Ki goge hannu da ƙafa su bushe sarai nan take, domin ruwan da ke bushewa a kan fata da iskar hunturu shi ke janye zafi fiye da wankin kansa, sannan ki sa safa kafin ki tayar da salla, kar ki tsaya a kan tayil ko siminti da ƙafa tsirara. In abin ya kai ga gyambo akwai sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya, wannan ki zauna da malami ya yi miki bayani daidai da mazhaba, ni nawa ɓangaren shi ne in ce ruwan sanyi yana cutar da yatsa mai gyambo. Wanki da wanke-wanke a bar su sai rana ta ɗaga, a sa safar roba da ta auduga a cikinta.

Sana'arki ce ta fi ba ni tunani, don ba zan ce ki bari ba, na san yadda gari yake. Amma hannu tsirara cikin firiza sau talatin a yini kamar kina tsokanar abin ne da gangan. Ki ajiye safar hannu mai kauri a rataye a jikin firizar, wadda ba ta jiƙewa, ki nemi babban ludayi ko ɗan kwando ki riƙa kwasowa da shi, ki fito da na sayarwa sau ɗaya ki zuba a kula maimakon buɗewa kowane minti biyar, in akwai ƙane a gida a ba shi aikin miƙa wa masu saye.

Idan ya riga ya tashi, ki bar wurin sanyin tukuna. Ki cusa hannu a hammata, ko ki riƙa wulwula hannun daga kafaɗa kamar fanka domin jini ya tunkuɗa zuwa yatsu, ko ki tsoma a ruwa mai ɗumi. Mai ɗumi na ce ba mai zafi ba, ki gwada da gwiwar hannu tukuna domin yatsan da ya sage ba ya jin ƙuna. Nan ne nake jin tsoron kaskon gawayi, mutum ya miƙa sagaggen yatsa kan garwashi yana jin daɗi sai da safe ya ga bororo, kuma ƙuna a yatsan da jini ba ya isarsa sosai tana daɗewa ba ta warke ba. Balle a kwana da kaskon a rufaffen ɗaki, wannan hayaƙin da ba a gani yana kashe mutane duk shekara. Yawanci cikin minti 15 zuwa 20 da samun ɗumi launi yake dawowa. Idan yatsa ya yi awanni yana fari ko shuɗi yana azabar ciwo ya ƙi dawowa, ko wani wuri ya fara baƙi, ba a kwana da wannan a gida, asibiti kai tsaye.

Sai abubuwan da ke ƙara masa ƙarfi. Taba ita ce shugaba, sigari ko shisha ko zama kusa da mai sha, nikotin tsuke jijiya yake yi. Goro da kofi da lemukan ƙara kuzari wasu suna tayar musu wasu ba ruwansu, ki gwada bari na sati biyu ki gani da idonki. Tashin hankali da fargaba su kaɗai suna iya sa yatsu su yi fari ba tare da wani sanyi ba, akwai masu ganin nasu a ɗakin jarrabawa. Magunguna kuma, maganin mura mai buɗe hanci wanda ke da sudo'efedirin a ciki, maganin ciwon kai na ɓari ɗaya mai ergotamin irin su Cafergot, da wasu magungunan hawan jini da bugun zuciya irin furofuranolol da atenolol. Wanda likita ya ɗora a kan waɗannan na ƙarshen kar ya yanke da kansa, yankewa farat ɗaya na da haɗari, ya koma a canza masa. Ga maza masu karantawa, injin da ke girgiza hannu shekara da shekaru, na fasa dutse ko na yankan katako ko na goge ƙarfe, yana kawo irin wannan farin yatsa, kuma ɗan acaɓa da ke fita da asuba ba safa ya haɗa girgiza da iska wuri ɗaya.

Magani akwai, amma ba kowa ke buƙata ba, kuma ba ya cire abin daga jiki, rage yawan tashinsa da zafinsa yake yi. Wanda aka fi farawa da shi nifedifin ne mai narkewa a hankali, yawanci miligiram 30 a rana, ko amlodifin. Asalinsu maganin hawan jini ne masu buɗe jijiya, shi ya sa suke iya kawo ciwon kai, jiri, jin zafi a fuska da kumburin ƙafa, kuma 'yan mata sirara irin waɗanda Reno ya fi kamawa da ma awon hawan jininsu a ƙasa yake, ka ba ta sai ta miƙe tsaye ta ga duhu. Don haka ba na kemis ba ne, sai an auna ki. Da yawa a watannin hunturu kawai suke sha su ajiye idan zafi ya shigo. Masu nau'i na biyu da gyambo ana haura musu zuwa sildenafil, eh wanda kika sani ɗin nan na cikin Viagra, kar a yi dariya jijiya yake buɗewa, ko wani da ake sawa ta ƙarin ruwa mai suna ilofuros. In kina da ciki ko kina shirin ɗauka ki faɗa kafin a rubuta miki komai. Kuma tunda an zo nan, in Allah ya kawo haihuwa kika ga kan nono yana yin fari yana zugi bayan jariri ya saki, abin nan ne dai, ana yawan ɗaukarsa a matsayin ƙwayar cuta a yi ta shafa magani a banza, alhali ɗumi yake so.

Citta da kanumfari da shayi mai zafi ban hana ba, riƙe kofin ma kaɗai yana ɗumama hannu, amma kar wani ya karɓi kuɗinki da sunan zai wanke miki jijiya. Abin da na fi yarda da shi shi ne tafiyar ƙafa mai ɗan sauri kullum, da cin abinci kafin a fita da safe, da shafa basilin ko man kaɗanya bayan kowace alwala don kar fata ta tsage, da cire zobe ko abin hannu da ya matse. Idan aka maƙala miki ɗan abin auna iskar jini a yatsa a asibiti ya nuna lamba ƙasa, ki ce musu kina da Reno a ɗumama hannun a sake, sanyin yatsa yana ruɗa na'urar.

A saƙonki kin ambaci cewa kina yawan shan wani maganin ciwon kai da na mura amma ba ki faɗi sunansu ba. Ki duba bayan kwalin ki turo min abin da aka rubuta, tare da hoton yatsun ranar da abin ya tashi, ki kuma gaya min ko babban yatsa yana shiga ciki ko yana tsira.